Jakin da Ya Buɗe Kabad ɗin Hedimasta

Shekarar da aka tura ni koyarwa wata firamare tsakanin Gagarawa da Gumel, na tarar da littattafan labari sababbi fil a kulle cikin kabad ɗin ƙarfe a ofishin hedimasta. Dattijo ne mai kirki, amma makullin nan a mazagin wandonsa yake ɗaure. Na roƙe shi sau uku ya ba ni in kai wa 'yan aji huɗu.

"Malama," in ji shi, "kin ga hannun yaran nan kuwa? Daga maiƙon ƙuli-ƙuli sai majina. Littafi sabo zan ba su?"

Ranar da ya buɗe kabad ɗin zai ɗauko alli, na leƙa ta kafaɗarsa na haddace sunan wanda ke sama. Da na je gida Gumel ranar Asabar, inda sabis ke da ƙarfi, na bincika a intanet, sai ga shi a wani shafi na karatun yara kyauta, har da hotuna. Na sauke a waya.

Ran Litinin na karanta musu. Labarin wani jaki ne da ya gaji da dakon ruwa, ya bi motar kaya ya tsallaka iyaka. Ina karantawa ina zagayawa da wayar su ga hoto, ajin ya yi tsit. Daidai inda mai jakin ya hango shi a kasuwa an sa masa igiya za a sayar, na kife wayar a tebur.

"Kash! Caji ya ƙare."

Ajin ya kaure. Wata yarinya har da buga benci. Na ce su yi haƙuri, ni ma ban san ƙarshen ba, amma na ji an ce ragowar na cikin kabad ɗin ofis. Ban ce kowa ya je ko'ina ba.

Ana buga ƙararrawar tara suka yi layi a ƙofar hedimasta. Kowa ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Baba, don Allah an sayar da jakin?" Ya kora su. Washegari suka tare shi yana jingine babur. Ashe jikarsa ma a ajina take, ta kai maganar gida, har matarsa ta aje masa tuwo tana tambayar me ya hana shi faɗa wa yara makomar jaki.

Ran Laraba ya aiko a kira ni. Na same shi ya zame hula baya.

"Malama, wai wane jaki ne wannan da ya hana ni sakat?"

"Ranka ya daɗe, ai yana bayanka."

Ya kalle ni, ni kuwa na ƙura wa ƙasa ido kamar mutuniyar kirki. Sannan ya juya ya kwance mazagi. Sharaɗinsa ɗaya: buta da sabulu a ƙofar aji, kuma shi da kansa zai duba tafin kowa.

Da aka raba musu kwafe-kwafen littafin jakin, na ce makogwarona na ciwo, su nemo ƙarshen da kansu. Suka dunƙule uku-uku suna bin layi da yatsa, suna gardama a kan harafi. Yarinyar nan mai buga benci, wadda ban taɓa jin ta karanta jimla a fili ba, ita ta fara miƙewa ta yi ihu, "Bai sayu ba! Ya ciji dillalin!" Da za ta zauna ta matso kusa da ni ta yi raɗa: "Malama, ranar nan fa mun ga wayarki a cike take."

Bayan wata biyu wani jami'in ilimi ya zo duba makaranta. Ya ɗaga littafi ɗaya da ya sha hannu, bangonsa ɗinke da zare, ya yaba ƙwarai. Hedimasta ya gyara zaman babbar riga ya ce ai shi tun asali ba ya yarda littafi ya kwana a kabad. Ya juyo gare ni.

"Ko ba haka ba, Malama?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."