Kwana Saba'in da Uku da Kafon da Ban Kawo wa Kawu Ba

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. A ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda teloli suka fi sani da Mai Keke. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana uku, yana da shekara sittin da huɗu. Ya bar mata ɗaya, wadda muke kira Inna, malamar firamare, da 'ya ɗaya tilo, Yaya Nas, da ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa.

Kawu, dangi sun ce ni zan rubuta wani abu a kanka, wai tunda ban daɗe da gama jami'a ba alƙalamina bai bushe ba. Na amsa. Amma akwai abin da yawancinsu ba su sani ba, kuma idan na tsallake shi, duk yabon da zan yi maka zai zama na ɓoye kaina ne a bayan alherinka.

Shekara talatin da takwas ka yi kana gyaran keken ɗinki a ɗan shagon nan na ƙarƙashin matakala, a layin teloli. Kawunan kekuna a jere kan kanta, kowane da takarda ɗaure a wuyansa. Gwangwanayen madara cike da ƙusoshi da allurai. Warin man keke ya kama har labulen ƙofa. Ba ka taɓa mayar wa mutum kekensa ba sai ka yi ɗinki layi ɗaya a ƙyallen gwaji, ka juya shi, ka duba gaba da baya. Kakan ce rabin ciwon keke a wurin ɗaurin zare yake: in ya yi tauri ya tattare yadi, in ya yi sako-sako ya yi gashi a ƙasa. Sai ka kama ɗan maɓallin saita zaren, ka murɗa kaɗan, ka saurara, ka ƙara kaɗan, ka tsaya.

A zaman makoki wata tela ta ba mu labarin da ko Inna ba ta taɓa ji ba. Kekenta ya tsaya mako ɗaya kafin a koma makaranta, ga kayan ɗalibai jibge a gabanta. Da ka ga gyaran zai ci kwanaki, sai ka kwance kan kekenka na gwaji, ka saɓa shi a kafaɗa har hawa na uku inda take zaune. Ta ce da ta fara godiya sai ka ce mata, “Hajiya, ajiye godiyar, ba ni ruwa. Wannan benen naku ba a yi shi don talaka mai ƙiba ba.”

Ni kuwa tun ina ƙarami nake da wata ɗabi'a: in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon sau uku. A gida dariya ake yi mini. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi ba. Ranar da ka fara lura, tsayawa ka yi har na gama, sannan ka ce, “Injiniya, duba na huɗu, wannan nawa ne.” Tun daga ranar sunan ya bi ni, tun kafin in san me injiniya yake yi. Kuma a shekarata ta ƙarshe a jami'a, da bel ɗin injin da na ƙera ya tsinke ana jibi zan kare aikina a gaban malamai, kai ne ka shigo mota da bel ɗin fata na keken ɗinki a aljihu, ka yanka, ka huda, ka ɗaura. Da shi na ci jarrabawar.

Bayan keke, abin da ka fi so a duniya jitarka ce, wadda take rataye bayan ƙofar shago. Ba ka taɓa kiɗa a taro ba. Da rana in aiki ya lafa kake sauko da ita, teloli su rage gudun ƙafa don su ji.

A watan Agusta ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ka. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun hagu bai dawo duka ba. A da kakan kwantar da yatsa ɗaya ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Bayan ciwon, riƙon tsirkiya iri uku kawai masu sauƙi hannun yake iyawa, kuma a wurin da suke faɗawa sautin ya yi wa muryarka ƙasa da yawa.

A ranar Lahadi, 1 ga watan Disamba, ka kira ni ɗakinka. Ka ce in samo maka kafo, wato ɗan matsin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka, sauti ya hau sama ba tare da yatsa ya wahala ba. Ka yi mini bayani dalla-dalla. Ba ka son mai sifirin, don sai da ƙarfin hannu ake buɗe shi, kuma matsinsa ɗaya ne, yakan ja tsirkiya ta wuce saiti. Mai murɗawa kake so, wanda mutum zai ƙara ko ya rage da yatsa biyu. “Kamar zaren keke ne,” ka ce. “Ka murɗa har tsirkiya ta daina zuza kamar ƙudan zuma, sai ka cire hannunka.”

Ka kuma gaya mini dalili. Yaya Nas tana da ciki na fari, haihuwa a watan Maris, kuma likita ya hana ta doguwar tafiya. Akwai waƙar reno mai baiti huɗu da ka tsara mata tana jaririya, wadda take tafiya da bugun ƙafar keke. Kana so ka ɗauka a waya ka aika mata, don jikanka ya san muryarka.

Na ce, “Kawu, an gama.”

Ga abin da na yi. A ranar 8 ga Disamba na zo da ma'auni na auna wuyan jitar: faɗinsa milimita arba'in da uku. Na gano fuskarsa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan lanƙwasa, don haka kafo mai miƙaƙƙen baki zai danne tsirkiyoyin tsakiya ya bar na gefe suna zuza. Har nan ban yi laifi ba. Sai na ja layi a takarda, na jera iri goma sha huɗu, na yi musu gida tara-tara: nauyi, taurin roba, girman kan murɗin, ko zai goge fentin wuya, da sauransu. Duk wanda na kusa zaɓa sai in ci karo da mutum ɗaya a intanet da ya ce nasa ya lalace a wata shida. Sai in koma farko. Ina tsoron in kawo maka abin da hannunka zai kasa murɗawa, ka yi shiru don kada in ji kunya. Ban lura ba cewa rashin kawowar ma shirun yake sa ka yi.

A ranar Asabar, 4 ga Janairu, ka tambaye ni a gaban Inna, cikin wasa, ko kafon daga wata duniya za a ƙero shi. Kunya ta rufe ni. Na ce, “Na yi oda, yana hanya.” Ban yi ba. Ni da ake tsokana da cewa ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na faɗi har da daƙiƙa, na dubi idonka na yi maka ƙarya. Daga nan kuma na rage zuwa gidan, don kada a sake tambaya.

Ban yi odar ba sai ranar Litinin, 10 ga Fabrairu, a barandar asibiti, washegarin da aka kwantar da kai. Ban buɗe takardar ba ma. Na zaɓi na uku a jerin, wanda tun makon farko na san ya isa. Kwana huɗu ya yi a hanya. Daga ranar da ka roƙe ni zuwa ranar da ka rasu, kwana saba'in da uku ne.

Ranar Juma'a, 14 ga wata, gida cike da masu gaisuwa, wani mai babur ya yi sallama da ɗan ƙunshi. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa baƙo murya ba, ta fito har bakin ƙofa. “Kwana arba'in da ɗaya! Bawan Allah, da ƙafa ka taho? Mai kayan ya gaji da jira, ya tafi. Kai masa can!” Mutumin ya cire hular kwano, ya fara laluben rasit don ya nuna mata kwanan wata. Na yi sauri na sa hannu, na karɓe ƙunshin, na ninke rasit ɗin na tura aljihu. Ya dube ni, ya dubi tabarmin makoki, ya ce, “Allah Ya ji ƙansa, Mama, ku yi haƙuri,” ya tafi da laifin da ba nasa ba. Wannan ita ce kunyata ta biyu, kuma ta fi ta farko.

Bayan kwana huɗu Yaya Nas ta turo mini wani saƙon murya da ka aika mata ranar 23 ga Janairu. Tsawonsa daƙiƙa hamsin da biyu. Ashe ba ka zauna jira kawai ba. Fensirin da na manta a ɗakinka ranar awo, shi ka ɗora a kan layi na uku na wuyan jitar, Inna ta ɗaure maka shi da robar da take ɗaure takardun jarrabawa. Ana jin tsirkiya ta biyu tana zuza, amma muryarka ta zauna daidai. Ka yi baiti na farko. Kana shiga na biyu robar ta zame, sautin ya watse. Sai ka yi dariya, ka ce, “'Yata, riƙe wannan tukuna. Bari Injiniya ya gama duba na huɗu, sai mu sake.” Daga nesa aka ji Inna tana cewa, “Ai ya ce yana hanya.” Dariyar ka ƙara, saƙon ya ƙare.

Kawu, ba ka ce bari kaya su iso ba. Ka san ban yi oda ba. Kwana goma sha tara bayan ƙaryata ka sani, kuma ko matarka ba ka gaya wa ba. Ka tsaya ne kawai kana jira in gama taɓa kwaɗo, kamar yadda ka saba.

Ranar Alhamis, 20 ga wata, na durƙusa gaban Inna na miƙa mata rasit ɗin. Ta sa tabarau, ta karanta. Sannan ta ce, “Tsakaninka da kawunka, ga alama ya riga ya yafe maka. Nawa kuma ka ba ni lokaci. Amma kafin komai, ka nemo mini mutumin nan mai babur.” Na yi kwana biyu ina nema. Ya zo, ta ba shi haƙuri a bakin ƙofar da ta yi masa faɗa, ni ma na ba shi a gabanta. Ya ce shi ya riga ya manta. Ban yarda ya manta ba, amma na gode masa.

Da ya tafi, Inna ta ɗauko jitar, ta ce in ɗaura abin ta gani. Na zare fensirina, na sa kafon a layi na uku. Na murɗa sau biyu da rabi, zuzar ta ɗauke, na cire hannuna. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Kan murɗin yana da faɗi da laushi. Da yatsa biyu na hagu na gwada, ya juya ba gardama. Na koma na duba takardata: cikin sha huɗun nan, aƙalla tara da sun yi maka.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Baiti na farko yana nan da muryarka. Inna ta tuna na biyu da na uku, na rubuta su. Na huɗu babu wanda ya riƙe. Yaya Nas ta ce kullum barci yake ɗauke ta kafin ka kai can. Don haka ina roƙon telolin layin shago, da duk wanda ya taɓa rage gudun kekensa don ya saurare ka: wanda ya tuna ko da layi ɗaya ne na ƙarshen waƙar nan, ya taimaka ya zo gida ya faɗa wa Inna. Kada ya tsaya sai ya tabbatar daidai ne. Ya kawo yadda ya tuna. Haihuwar saura 'yan makonni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Yaya Nas da maigidanta, da mahaifiyata da ta rasa ƙanin da ta goya, da teloli abokan zamansa na shekara talatin da takwas. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah Ya sauki Yaya Nas lafiya, Ya raya abin da za ta haifa.

Ya Allah, Ka ji ƙan Kawu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya rufa mini asiri a lokacin da ban cancanta ba. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.