Nata'ala Mai Naɗar Kukan Tsuntsaye

Malam Nata'ala gyaran rediyo ya gada, a wata 'yar rumfa cikin kasuwar Yankara. Mutum ne marar yawan magana, sai dai Allah ya hore masa kunne. Kana kunna masa rediyonka, tun bai kwance ba zai gaya maka abin da ya lalace.

Shiga daji kuwa wani malamin jami'a ne daga Zariya ya koya masa. Rikodarsa ce ta ƙi aiki, Nata'ala ya gyara, shi kuma ya roƙe shi ya raka shi dajin da ke yamma da gari ya riƙe masa makirfo. Da hantsin ranar farko aka ɗora masa abin saurare a kunne, sai ya ji fakara na kira kamar a kafaɗarsa take, ga gurnanin burtu can ƙasa-ƙasa. Ya daɗe bai motsa ba. Da malamin zai koma, ya bar masa tsohuwar rikodar, ya ce duk abin da ya naɗa ya riƙa aiko masa.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan harka. Da an yi ruwan fari sai ya rufe rumfa, ya ɗaure kwaki da ƙuli-ƙuli a bayan keke, a nemi Nata'ala a rasa har kwana biyar. Ya san fadamar da gauraka ke sauka wajen Sabuwa, ya san wani kwari bayan 'Yargoje inda kukan kwaɗi ke hana mutum jin maganar kansa. 'Yan kasuwa suna ta yi masa tsiya, wai magidanci guda ya bar sana'a ya tafi sauraren kwaɗi. Matarsa Lauratu ta yi mita har ta gaji.

Sai 'yan bindiga suka mamaye dajin. Mafarauta suka daina shiga, masu itace ma haka. Malamin Zariya ya bugo waya ya roƙe shi ya haƙura, ya kuwa haƙura damina biyu. Ta uku ya ce wa Lauratu bakin daji kawai za shi, kafin azahar ya dawo.

Mutum uku a kan babura suka iske shi gindin wani marke. Suna ganin makirfo da wayoyi suka ce ɗan leƙen asirin sojoji ne, suka kai shi gaban babbansu.

"Baba, wa ya aiko ka?" in ji babban.

"Ba kowa. Kukan tsuntsaye nike ɗauka."

Aka ce ya kunna. Kurciya ta fara fitowa, sai tsuntsun nan ragon maza, har wasunsu suka fara dariya. Daga nan sai ga ƙarar baburansu, da muryar ɗayansu tana kiran sunan ɗan'uwansa ƙarara. Dariya ta tsaya. Suka ragargaza rikodar da dutse, shi kuma suka yi ta dukansa da gindin bindiga a ka har ya suma.

Kwana ashirin da uku ya yi a ɗaure. Ranar da wani jirgi ya yi ta shawagi a sama, masu tsaronsu suka watse, shi da wasu mutum biyu suka kwance juna suka nufi titi. Ya isa gida da ransa, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an ɗaga murya, ga wani shuu da ba ya yankewa.

Gyaran rediyo ya gagara. Suka koma Faskari gidan Mas'ud, wan Lauratu, wanda ya kafa masa teburin cajin waya. Katunan memori na sautukan da ya naɗa a baya suna nan cikin gwangwanin madara, kowanne da sunan wurinsa.

Cikin 'yan gudun hijirar garin labari ya bazu, har akan zo a roƙe shi ya zuba wa mutum kukan dajin garinsu a waya. Bara wata dattijuwa da aka tashe su daga gefen 'Yargoje ta zo ta nemi na kwarin nan. Ya zuba mata. Ta kara wayar a kunne, ta zauna a ƙasa nan gefen tebur.

"Hajiya, ya fito sosai?" ya tambaya da ƙarfi, don ba ya jin girman muryarsa.

Ta gyaɗa kai. Ya karɓi wayar wanda ke biye ya sa a caji.