Gurnani a Ƙarƙashin Muryar Malam

Ina farawa da sunan Allah, Wanda babu sautin da yake ɓuya gare Shi, na fili da na cikin daji.

A ƙasan akwatin littattafaina akwai kaset huɗu naɗe cikin tsohon rawani. Biyu daga cikinsu ba su sauraruwa, amma ban jefar da su ba, domin su ma suna cikin abin da zan faɗa.

Malamina, wanda na karanci ilimin rabon gado a gabansa tun gemuna bai fito ba, yana zaune ne a wani ƙauye na yankin Kuyello, daidai inda gonakin masara suke ƙarewa daji ya fara. A shekarar da nake ba da labarinta ya haura tamanin, idanunsa sun rufe. Yana da wani littafin gado a waƙe, rubutun hannun kakansa, wanda ba a taɓa bugawa ba. Gara ta shiga gafakarsa ta cinye babin ƙarshe, wanda ya yi magana a kan dukiyar mutumin da ya ɓata, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Muna ɗalibai ba mu ɗauki wannan babi da muhimmanci ba, ni ma na bar zauren kafin in haddace shi. Amma tun da aka fara tare hanya ana shiga da mutane daji, da wuya mako ya wuce ba a yi sallama a ƙofar gidana a Birnin Gwari da irin wannan tambaya ba. Babin kuwa bai saura ko'ina ba sai a ƙwaƙwalwar Malam.

Rubutawa ba ta yiwu ba. Hannuna ya tsufa, ba ya sauri, shi kuma Malam idan aka tsayar da shi a tsakiyar baiti don a rubuta, sai zaren ya kuɓuce masa, dole ya koma farkon fasali. Waya kuma ba abin ɗauka ba ce a wannan hanya, domin idan mutanen daji suka tare mota ita suke fara bincikawa, kuma wanda aka samu da muryoyi a cikinta sai ya yi bayani. Saboda haka na ciro tsohuwar rikodata, mai cin manyan batura huɗu, da makirfonta mai igiya. An daina sayar da sabon kaset a kasuwarmu, sai na zaɓi tsofaffi na toshe ramukan da ke gindinsu da takarda, domin jan maɓallin ɗauka ya yarda ya danne.

Mota ɗaya ce take shiga ƙauyen, wata tsohuwar a-kori-kura, ranar kasuwa kaɗai. Takan isa da hantsi, ta juyo kafin la'asar. Numfashin Malam ba ya wuce fuska ɗaya ta kaset a zama guda. Muka ƙiyasta cewa zama biyu zai ishe mu, baitoci da fassara da sharhi. Damina ce ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo.

Ɗaukar farko sai da na koma gida na saurare ta, domin ban so in ɓata batir a can ba. Muryar Malam ta fito kamar yana magana daga cikin randa. Ana jin tashinta da saukarta, amma ba a rarrabe harafi da harafi. Da ma kunnuwana sun yi nauyi, sai na fara zargin kaina, har na kai ta wurin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa.

Wannan mutum Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe a garinmu har 'ya'yansa ba su san wani gida ba. Yanzu fitilu da wayoyi ya fi gyarawa. Da ya ga rikodar ya yi dariya.

"Baba Malam, wannan tsohuwar taka har yanzu tana numfashi?"

"Tana numfashi, ɗana, amma mura ta kama ta."

Ya buɗe murfin, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai santsi wanda zaren kaset yake gogawa a kansa, ya ce shi ake kira hedi. Ya yi baƙin datti kamar gindin tukunya. Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya buɗe wata 'yar kwalba. Warin ya bugi hancina, sai na riƙe hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Sifirit ne. Da shi ake wanke hedi, da wannan robar da take jan zare."

"Ai ɗan'uwan giya ne."

"Ba sha za ta yi ba, Baba. Ni ma da ba a hana ni ba, ban taɓa kai shi baki ba."

Ban yarda ba. A karatunmu, ruwan da yake sa maye najasa ne, kuma zaren nan zai ɗauki sunayen Allah da ayoyin gado. Na ce a raina abin da ba zan shafa wa allo ba, ba zan shafa wa wannan ba. Na ɗauki rikodata na koma gida, na ɗauko turarena na mai, wanda nake shafawa ranar Juma'a, na goge hedin da robar da shi har suka yi ƙyalli. Na gwada da kalma biyu uku, suka fito sarai. Na kwana ina ganin na haɗa tsarki da gyara.

Ranar kasuwa ta biyu na ajiye makirfo a kan matashi kusa da bakin Malam, na danna. Idona yana kansa har ya gama, ban dubi rikodar ba. Da na buɗe murfin sai na tarar zaren ya fito ya nannaɗe robar, ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ɗan abin da ya tsira a farko, muryar tana rawa a cikinsa, tana ja tana saki.

Malam ya shaƙi iska ya ce, "Wa ya yi wa ƙarfe kwalliyar Juma'a?"

Na gaya masa duk yadda aka yi. Ya ce, "Kai yaro." Haka yake kirana, ga furfura har ƙirjina. "Murya ba tawada ba ce, ba a kan ƙarfen take zaune ba. Abin da ka guda zai bushe ya tashi kafin ka rufe kwalbar. Ka yi tsantseni a inda ba a nema ba, ka ci mini kwana bakwai daga cikin kwanakin da ba ni da tabbacinsu."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi kuskure." Na zaci tsufa yake nufi.

Mai gyara bai yi mini gori da yawa ba. Ya ce man turaren ne ya sa robar tana sulɓewa, ba ta riƙe zare. Ya ciro wata daga jikin matacciyar rikoda ya sa mini, ya wanke komai da sifirit ina kallo, ya ce, "Gobe kada ka shafa mata kwalli kuma."

Ɗauka ta uku ta fito tas. Kowane harafi ya zauna a mazauninsa, har ana jin lokacin da Malam yake haɗiye yawu. Rabin babin ya samu. Amma da na ƙure sauti na kanga lasifikar a kunnena, sai na ji wani abu a ƙarƙashin muryar, wani gurnani mai kauri, yana zuwa yana ɓacewa, ya fi yawa wajen ƙarshen fuskar. Na ji tsoron kada wata sabuwar cuta ce da za ta cinye zama na ƙarshe. Na kwashi kaset ukun da rikodar na koma wurin mai gyara a bakin kasuwa.

Ya tambaye ni ko na haɗa ta da wutar lantarki, domin wuta tana sa irin wannan ƙugi. Na ce babu wuta a ƙauyen, batir ne, sababbi. Ya tambaya ko makirfon yana jingine da jikin rikodar, yana ɗaukar motsin injinta. Na ce a kan matashi yake, tsakaninsu ya kai kamu biyu. Sai ya shiga da ita bayan shago, ya lulluɓe makirfon da tsumma, ya ɗauki shiru na ɗan lokaci, muka saurara. Babu komai sai 'yar shashshakar da kowane kaset yake yi.

Ya ce, "Idan ciwon a cikinta yake, zai biyo ta duk inda ta je. Bai biyo ta nan ba."

Ya sa abin sauraro a kunnuwansa biyu, ya mayar da kaset na uku. Ina kallon fuskarsa na ga dariyar ta bar ta. Ya cire, ya sa na farko, mai muryar randa. Ya warware na biyu da biro, ya saurari ɗan abin da ya tsira. Sannan ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya.

"Baba, rikodarka lafiyarta ƙalau. Babura ne."

"Masu acaba suna zuwa ranar kasuwa."

"Masu acaba ba sa tafiya a jere haka, kuma ba sa bi ta bayan gari. A na farko suna can nesa, kamar ƙudan zuma. A na biyu sun fi kusa. A na uku har ina jin inda suke canza giya a kan tudu." Ya miƙo mini kaset ɗin da hannu biyu. "Don Allah kada ka koma."

Na koma. A hanya muka yi ta gamuwa da amalanke ɗauke da tabarmi da tukwane, duk suna fuskantar gari. Masara ta nuna a gonaki, babu mai karya ta. Kasuwar ba ta ci ba. Direban ya ce ba zai jira la'asar ba, da ya cika mota zai juya.

Na zauna gaban Malam na gaya masa abin da mai gyara ya ji.

"Kai ne kurma, yaro, ni makaho ne kawai. Tun ranar farko nake jin su. Me kake zato ya sa nake sauri?"

Na roƙe shi ya shiga motar tare da ni. Ya ce ƙananan yara da mata sun fi shi cancantar wurin, kuma ƙashinsa ba zai jure bayan a-kori-kura ba. Ƙanensa zai fitar da shi a amalanke jibi, ta hanyar fadama. Ya ce, "Danna."

Na danna. Ya shiga fasalin da ya rage, yana rera baiti, yana fassarawa, yana warware inda malamai suka saɓa. A wannan karon ban bukaci kanga lasifika a kunne ba. Da kunnuwana masu nauyi na ji su, daga bayan gonaki, suna zuwa suna ɓacewa. Kaji suka yi tsit a tsakar gida. Malam ya ƙara ɗaga murya, bai tsaya shan ruwa ba kamar yadda ya saba.

Direban ya tsaya a ƙofar zaure ba tare da sallama ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko ka fito yanzu ko in bar ka. Na gama magana."

Malam ya kai daidai baitin da ya fara faɗin tsawon lokacin da ake jiran wanda ya ɓata kafin a taɓa dukiyarsa. Abin da ya rage bai kai rabin fuska ba. Na ce wa direban ya yi mini haƙurin ɗan lokaci. Malam ne ya amsa. Ya ce, "Rayukan da ke cikin motar nan sun fi baitocin kakana. Kashe ta." Ya lalubo kaina ya dafa, ya yi mini addu'a gajera.

Bayan kwana biyu ƙauyen ya watse. Waɗanda suka iso gari sun ce sun ga amalanken ya kama hanyar fadama da Malam da ƙanensa, sannan aka ji harbi, kowa ya shiga masara. Ba a kira kowa an nemi fansa ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga shanun amalanken ba.

Da kaka ta wuce, 'ya'yan Malam suka zo zaurena suka tambaye ni ko za a raba gonarsa da littattafansa. Na wanke hedi da sifirit, na sa kaset na huɗu, muka saurara tare. Suka ji mahaifinsu yana bayanin hukuncin da ya hau kansa, har zuwa inda direba ya yi magana. Bayan Malam ya ce a kashe, yatsana ya yi ta laluben maɓalli, saboda haka akwai ɗan lokaci da babu komai a zaren sai gurnanin nan. Babbansu ya tambaye ni abin da baitin ya ƙarasa da shi. Na ce ban sani ba, kuma na gaya musu dalili, da turaren da kwana bakwai ɗin, ban ɓoye ba. Na ba su amsa daga wasu littattafai: a jira. Har yau suna jira, gonar tana can, ba mai iya zuwa.

Mai gyara ya ce zai iya kwafe mini kaset ɗin ya rage kaurin sautin, muryar ta fito ita kaɗai. Na ce ya bar shi yadda Allah Ya sa aka ɗauke shi.

Kwanan baya na so in ɗauki abin da na haddace daga rabin babin da muryata, saboda kada zaren ya tsufa ya tsinke. Na yi a zaurena, bayan azahar, na kai wa mai gyara ya duba mini ko ta fito. Ya sa abin sauraro a kunne, ya daɗe fiye da yadda karatun yake bukata. Da ya cire sai ya tambaye ni wane ɓangare tagar zaurena take kallo.

Allah Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya mayar da wanda yake raye ga iyalinsa, Shi ne Ya san wanne ne Malam a cikinsu.