Yaron da Ba Ya Shiga Kwale-kwale

Wasan wayar nan, gyara aka yi mana shi. Maigidana ya kai tsohuwar wayarsa shagon masu tura fina-finai a cikin Hadejia don a sa mini karatu da abin kallo, sai mai shagon ya ƙara masa da shi. Wai asalin wasan na kamfani ne, amma wannan ɓangaren wasu masu sonsa ne suka zauna suka ƙera, suka saki kyauta. A daminar nan 'yata ko zama ba ta fara ba, ruwa kuma kullum ƙara matso ƙauyenmu yake ta bayan gonakin shinkafa. In ta yi barcin rana ni ba na iya runtsawa, sai in ɗauki wayar.

Turancin da ke fitowa ba na gane shi, da ido nake bi. An ba ni wata mata mai takobi. Sai ta shiga gidan mutane ba sallama, ta buɗe musu akwati ta kwashe, masu gida na tsaye suna kallo. Da farko kunya ta hana ni, har na ga in ban kwasa ba dodanni za su gama da ni. Ƙasar tasu fadama ce kamar tamu, amma wanda ya zana ta bai taɓa kwana kusa da kogi ba. Ruwan shuɗi ne tas, ba ciyawar kachalla, ba sauro, ga rumbu an gina a bakin gaɓa. Wani lokaci hoton ya daskare, matar ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama, sai na kashe wayar na kunna. Duk da haka wurin yana da kyau, kuma mutum ya ga an wahala a kansa.

A wani tsibiri na tsinci yaro yana kuka, uwarsa na can ƙetaren ruwa. Ya biyo ni har gaɓa. Ina shiga kwale-kwale sai ya tsaya cak. Na fito, ya biyo ni. Na koma, ya tsaya. Na danna duk abin da ke dannuwa ina neman inda ake goyo, babu. Sun sa wurin hawa doki, sun sa wurin dafa magani, ba wanda ya tuna da zanen goyo. Maigidana ya tambayo mai shago, ya ce kuskure ne ba su gama gyarawa ba, in bar yaron in wuce, wasa zai ci gaba. Na kasa. Kullum sai in kunna, in tsaya kusa da shi har caji ya ƙare. Wasan da na ɗauka don in huta, shi ma ya zama wani aikin.

Wata rana da la'asar maigidana ya dawo, wandonsa jiƙe har cinya.

"Ki haɗa kaya. Gobe za ku tafi wurin Yaya a Malam Madori. Hanya ta yanke, sai kwale-kwale zuwa bakin titi."

"Malam, mu ɗan ƙara jira mana, ko ruwan zai janye."

"Haka kika ce ran Juma'a. Mai yaƙi da dodanni ce ke tsoron kwale-kwale?"

Ban yi dariya ba. Ya sassauta murya ya ce in je in taɓa katangar bayan ɗaki. Na je. Na ɗora hannu, ƙasar ta biyo yatsuna kamar ƙullun tuwo. A jikin katangar nan nake shimfiɗar da 'yata.

Da safe ya raka mu gaɓa, shi zai zauna ya ga abin da zai iya tsamowa a gona. Na ɗaure goyona tamau, na ƙara majanyi. Dattijon da ke tuƙi ya dube ni.

"'Yata, kwance goyon nan."

"Baba, ta fi zama lafiya a bayana."

"In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, tare za ku yi ƙasa. A hannu ana iya miƙa ta."

Mutane na jira, wata tsohuwa tana cewa rana na yi. Na kwance. Na rungume ta a ƙirji na shiga. Muka bi ta kan gonakin mutane, ruwa ja ya shanye komai sai kawunan dawa. Duk sanda kwale-kwalen ya karkata sai in ƙara matse ta, har ta fara kuka, tsohuwar ta ce in bar yarinya ta yi numfashi.

A bakin titi yayar mijina na tsaye tana jiranmu. Ta miƙo hannu ta ce, "Sannu, ƙanwata. Kawo ta ki huta."

Na so in ba ta, hannuwana suka ƙi buɗewa. Sai da ta zaunar da ni a gefen kwalta, ta riƙa ɓamɓare yatsuna a hankali, sannan ta ɗauke ta.