Na Mayar Da Waƙar Kakata Kiɗan Rawa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Ka'akiyya na tashi. Lokacin da abin nan ya faru ina tuƙa bas ɗin alhazai tsakanin tashar Kudai da Harami, ina saurayi, kuma babu abin da nake kwaɗayi kamar a san muryata. Larabci ya fi zama a bakina. 'Yar Hausar da nake ji a wurin kakata na same ta, wadda ta zo ƙasar nan a ƙafa tana yarinya, daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato.

Tana da wata waƙar ƙauye mai sanyi da take rerawa in tana tsintar shinkafa, ana ce wa wani ya tashi gari ya waye, ayari zai wuce. Ban taɓa tambayarta wa ake tasa ba. Wata rana na naɗi muryarta a waya ba da saninta ba, na kai wa abokina da ya mayar da ɗaki ɗaya na gidansa a unguwar Aziziyya situdiyo, ya jingina katifu a bango. Ɗaukar farko muryarta ce kawai da gurmi. A ta biyu na hau kai na rera baitocin, muka bar ta a amshi. Muka tura wa wani mai haɗa kiɗa a Kano, ya ce waƙar ta yi sanyi da yawa, ba wanda zai taka ta. Ya cire gurmin ya sa gangar na'ura, ya sauya rabin kalmomin har ta koma saurayi yana tashin budurwa, da maganganun da ba zan iya faɗa a gaban mahaifiyata ba. Muryar kakata kuwa ya ƙara mata sauri har ta koma kamar ta 'yar yarinya. Na ji wani iri a raina, amma na sake rerawa yadda ya ce, aka rubuta sunana a matsayin wanda ya ƙirƙira.

Ba a jima ba ta hau saman jerin waƙoƙin da aka fi nema a gidajen rediyon Arewa, ta yi makonni ba ta sauko ba. Aka ƙirƙiro mata rawa: mutum ya kwanta ƙasa kamar matacce, in muryar kakata ta ce tashi, sai ya zabura yana karkaɗa ƙugu. Ina tuƙi in ji wayar masu Umara tana ƙara da ita, kaina ya yi ta kumbura.

Wata maƙwabciyarmu ce da ta dawo daga Kano ta nuna wa kakata bidiyon rawar, a zatonta za ta ji daɗi. Bayan La'asar kakata ta aika a kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta gaya mini mahaifiyarta ce ta yi waƙar a hanyar Sudan, da safen da ƙanen kakar tawa ɗan shekara huɗu bai farka ba, zazzaɓi ya ɗauke shi, ga ayari na shirin tafiya. A gefen hanya aka binne shi, ba su sake ganin wurin ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gawar ƙanena kuke yi wa rawa?"

Na fita na kira mutumin Kano na gaya masa komai, na roƙe shi ya sauke waƙar. Ya yi dariya, ya ce ai yanzu ne ma za ta ci kasuwa, in lallaɓa tsohuwar in ɗauke ta tana ba da labarin, in ta yi kuka ya fi. Na kashe wayar. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne na san da wata ɗaya baya ya faɗi haka, da na yi. Na goge waƙar daga shafukana, amma ta riga ta shiga wayoyin da ba zan iya kaiwa gare su ba. Kakata ta ce ta yafe mini, sai dai har Allah ya karɓi ranta ban sake jin ta rera komai ba.

Na gane cewa ba mutumin Kano ne ya fara cin amanarta ba, ni ne, ranar da na ɗauki abin da ban tambayi asalinsa ba. 'Yan uwana masu neman suna, duk abin da kuka ji a bakin tsofaffinku, ku zauna ku tambaya kafin ku kai shi kasuwa. Wata waƙar kabarin wani ce, kuma in ta fita hannunka ba ka da ikon hana a taka ta.