Karan awo da akuyar Danchadi

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tashar Bodinga, ni da ƙanena, za mu Shagari. Guzurina abu biyu ne: takarda a cikin hula, inda na rubuta lambar kayan da nake nema da ajami, sai guntun karan dawa a hannu.

Bari in faɗa muku dalili. Tun da na ajiye koyarwa na kamu da wasan tuƙin manyan motoci a kwamfuta, har sitiyari na ɗaura a tebur. Taubashina kuwa direban gingimari ne na gaske. Shi ya riƙa ɗauko shinkafa da taki daga kudu a jamhuriya ta biyu, lokacin da muke bin layi saboda gwangwanin madara. Bara ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya daina yi wa kowa magana. Ranar da na zaunar da shi gaban sitiyarin nan bakinsa ya buɗe, ya ce ban iya shan kwana ba. Daga nan kullum da hantsi ake kawo shi. To, mako uku ke nan katin hoto ya ƙone, wato abin da ke zana hanya da motoci a allo. Taubashi ya koma ɗaki ya fuskanci bango, mai ɗakinsa ta ce ko fura sai an yi da gaske yake kurɓa.

An ba ni labarin wani ma'aikacin lafiya a Shagari da aka yi wa canjin wurin aiki, yana sayar da katuna biyu kafin ya tashi washegari. Akwatin kwamfutata ɗan gwanjo ne, ƙarami, ba suna ba lamba, kati in ya cika tsawo ba zai shiga ba. Sai na yi yadda na ga mahaifina yana awon ƙofa: na zura kara ciki, na yanke shi daidai.

Kuɗin mota ya ninka na bara, amma bas ɗin a cike take. Gonaki dama da hagu an yanke gero, dammuna a jingine, hanya kuwa wani wuri lafiya, wani wuri sai direba ya sauka gefe. Na dafe karan tsakanin gwiwoyina ina jan carbi, zuciyata na can ɗakin taubashi. Ban ankara ba sai wata dattijuwa 'yar Danchadi ta taɓo ni daga baya.

"Malam, mi kaka yi da karan ga? Akuyata ta kusa gamawa da shi."

Akuyar tana ƙarƙashin kujera, tana tauna hankali kwance. Na zaro karan, gindinsa ya tafi. Yatsa biyu ta ci ko huɗu, Allah ne masani. Mota ta kwashe da dariya, har ƙanena, ni kuwa gumi ya karyo mini.

A Shagari muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan yanzu sai da tabarau ake ganinsa. Na buga waya gida a sake awo. Uwargida ta ce ita ba ta buɗe cikin injin da ke da wuta, in yi haƙuri.

Mai katunan mutum ne mai fara'a. Ya juya takardata sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wagga laya ta ko lamba?" Na karanta masa, ya ciro su. Babban mai fanka uku, irin wanda na yi wata da watanni ina kallon hotonsa a waya. Ya kunna mana shi a kwamfutarsa, har ɗigon ruwa a gilashin mota ana gani. Ƙaramin fanka ɗaya, ya ɗan sha jiki, amma yana aiki.

Na ɗora guntun karan. Babban ya ɗara shi da yatsa uku. Ƙaramin ya kwanta cikinsa, har da saura.

"Baba, ɗauki babban, na tabbata akuyar ta ci hiye da hakanga."

Ƙanena ma ya goyi bayansa. Raina ya biya, ba zan ɓoye muku ba. Amma gobe mutumin ya tashi, babu mayarwa, babu musanya. In na isa gida murfi ya ƙi rufuwa, wa ya san makonni nawa taubashi zai ƙara yana kallon bango? Abin da ya shiga guntun kara dole ya shiga akwati. Na yi bisimilla na ɗauki ƙaramin, na naɗe shi cikin rawani, na rungume shi har Bodinga, kowane rami sai na ji shi a ƙirjina.

Bayan la'asar na ɗaura shi a akwatin. Na danna. Fanka ta juya, allo ya yi baƙi na ɗan lokacin da na karanta duk abin da ya zo bakina, sannan hanya ta bayyana.

Ƙanena ya kawo sabon kara, wai mu auna mu ga ko babban zai shiga. Na hana shi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: in ka zaɓi tabbas a kan sha'awa, kada ka koma kana awon abin da ka bari, ƙofar da-na-sani ce, kuma mun san mai shigowa ta nan.

Aka ɗauko taubashi. Ya zuba wa allon ido. Na ja motar da gangan na hau gefen titi.

"Kai, ɗan malam, wa yak koya maka tuƙi? Tashi ka ba ni wuri. Kuma a dama min hura, tahiyar da nisa."