Sunanta Yana Cikin Hoton

Na gina shafukan intanet da yawa, amma wanda na yi wa wata makarantar kuɗi a unguwar Kakuri, 'yan shekaru bayan dawowar mulkin farar hula, ba zai taɓa fita raina ba.

Lokacin ina da ɗan shago a unguwar Television, ga ƙuruciya ga ji-ji da kai. Shafin nan na cika shi da kwalliya, tambarin makaranta yana juyawa, rubutu yana walƙiya. Kafin ya buɗe sai mutum ya shanye kofin shayi, amma ni gani nake na gama iyawa.

Makarantar ta nemi malamai. Da aka fitar da sunayen waɗanda za a yi wa intabiyu, shugaban makarantar ya kawo min takardar da sa hannunsa da hatimi. Mu nan takarda ba ta cika takarda sai an ga hatimi, don haka ban sake buga sunayen ba. Hotonta kawai na ɗauka na liƙa a shafin.

Cikin masu neman aikin akwai maƙwabciyarmu a unguwar Romi, 'yar Filato, malamar Turanci, makauniya. Ta daɗe tana zaune ba aiki. Tana da kwamfuta mai karanta mata rubutu da murya, kuma ba ta son a riƙa yi mata karatu kamar yarinya.

Wata rana da hantsi ta shigo shagona da jakarta, muka gaisa, ta tambaye ni yaushe za a sa sunayen. Na ce ai sun fi mako a shafin. Na buɗe, sai ga sunanta na uku, ga ranar intabiyu ta wuce da kwana biyu. Da ƙyar na iya faɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kunna kwamfutarta, ta ce in saurara. Muryar ta karanta sunan makarantar, ta ce akwai hoto a nan, ta yi shiru.

"Malam, kullum sai na shiga shafin nan," in ji ta. "Abin da nake ji ke nan."

Kunya ta rufe ni. Na hau mota na tafi Kakuri na roƙi shugaban, na ce laifina ne. Ya tausaya, amma ya riga ya ɗauki wata.

Tun daga ranar nan, rubutu nake sawa a matsayin rubutu, kowane hoto kuma sai na rubuta masa bayani. Kafin in miƙa aiki nakan rufe idona in saurari shafin daga farko har ƙarshe. Na koyi cewa shafi bai kammala ba sai wanda ba ya gani ya samu abin da ya zo nema, kuma ba ni na biya kuɗin wannan darasi ba, ita ta biya da aikinta.